Yadda za ka sa takardun shafi su buɗe a taga ba tare da ka taɓa mahaɗansu ba

Wani ƙanena da ke kula da shafin intanet na wata makaranta mai zaman kanta a Daura ya aiko mini da tambaya. Shafin nasu na ɗauke da takardu sama da ɗari uku, galibinsu PDF: jadawalin jarrabawa, fom ɗin shiga, jerin littattafai, sanarwar kuɗin makaranta ta zango-zango tun shekarun baya. Shugaban makarantar ya ga wani shafi inda idan ka latsa takarda sai ta buɗe a taga a saman shafin, bayanta ya yi duhu, kana rufewa ka tarar da kanka inda kake. Ya ce shi ma haka yake so. Tambayar ita ce: sai an bi mahaɗan nan, wato links ɗin da ake latsawa a buɗe takardun, ɗaya bayan ɗaya an canza su, ko akwai hanyar yi a tashi ɗaya?

Ƙanena, akwai hanya, kuma ba ta kai layi arba'in na JavaScript ba. Ba za ka buɗe ko shafi ɗaya daga cikin tsofaffin ba. Amma kafin in ba ka kod ɗin ina so ka riƙe abu guda, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa: kada ka taɓa adireshin da ke cikin href, wato wurin da mahaɗi ke ajiye adireshin fayil ɗin da yake kaiwa gare shi. Mahaɗi ya ci gaba da zama mahaɗi, yana nuna fayil ɗinsa kai tsaye kamar yadda yake yau. Taga ƙari ce da za ka ɗora a kai, ta yi aiki inda za ta iya, ta kauce inda ba za ta iya ba.

Na fara da wannan ne saboda na san abin da za ka tarar idan ka shiga bincike. Yawancin darussan da za su fara fito maka za su ce ka tattaro mahaɗan da ke ƙarewa da .pdf, ka kwashe adireshin ka ajiye a wani wuri, ka maye gurbinsa da alamar # ko javascript:void(0), sannan ka liƙa wa kowanne onclick. A kwamfutarka zai yi aiki, Shugaba ya gani ya yi murna. Sai ka tuna yadda iyayen yara suke amfani da shafin. Uwa ta ga jadawalin jarrabawa, ta danne mahaɗin da yatsa ta kwafo shi don ta tura wa maigida ta WhatsApp yana kasuwar Mai'adua. Abin da zai isa gare shi adireshin shafi ne da # a wutsiya, ko ma abin da ba ya buɗuwa sam. Malamin da ya saba buɗe takardu biyar a tab daban-daban don ya kwatanta su ya rasa wannan damar. Google, da ke bin href don ya gano fayiloli, ya daina ganin hanyar zuwa gare su. Ranar kuma da netwok ya tsinke kafin fayil ɗin JavaScript ya gama sauka, ko wani kuskure a kod ɗin wani ya tsayar da naka, takardu ɗari uku sun zama matattu a lokaci guda. Idan ka bar href yadda yake, mafi munin abin da zai faru shi ne takarda ta buɗe kamar yadda take buɗewa jiya.

Akwai kuma tsofaffin hanyoyin da za ka ci karo da su, ka wuce su kawai. window.open yana buɗe taga daban ce, kuma burauzoji sun daɗe suna tare irin waɗannan idan ba latsawar mutum ce ta buɗe su kai tsaye ba. showModalDialog na zamanin Internet Explorer ne, Chrome da Firefox sun cire shi shekaru da dama da suka wuce. Salon Lightbox da ya fito a 2005 da tarin 'yan'uwansa na jQuery sun yi zamaninsu kuma sun yi amfani, amma yau burauza da kanta tana da abin da ake buƙata, wato dialog na HTML. Chrome na da shi tun 2014, Firefox 98 da Safari 15.4 suka kawo shi a watan Maris na 2022. Idan ka buɗe shi da showModal(), burauza ce ke ɗora shi a saman komai ba sai ka yi kokawa da z-index, mai tsara abin da ke saman wani, ba, ta daskarar da sauran shafin yadda ba za a iya latsa komai a baya ba, ta shigar da kibod cikin tagar, ta rufe idan an danna Esc, sannan ta mayar da mutum kan mahaɗin da ya latsa. A da duk wannan da hannu muke rubutawa, kuma ba kasafai muke kammala shi daidai ba.

Ga tagar. Sau ɗaya za ka sa ta, a ƙasan samfurin da duk shafuka ke amfani da shi:

```html
<dialog id="taga" aria-labelledby="take">
  <h2 id="take"></h2>
  <a id="sauke" download>Sauke takardar</a>
  <button id="rufe">Rufe</button>
</dialog>
```

Yanzu batun kama latsawa. Nan ne mutane ke wahalar da kansu. Ka ɗauki gidan gargajiya mai ɗakuna da yawa: ba a ajiye mai gadi a bakin kowane ɗaki, mutum ɗaya ake zaunarwa a zaure, tunda duk mai shiga da fita ta nan zai bi. Shafin intanet ma haka yake. Idan aka latsa wani abu, labarin latsawar yakan taso daga abin da aka taɓa, ya bi ta abin da ya ƙunshe shi, ya hau sama har ya kai document. Don haka mai saurare ɗaya za ka zaunar a document, duk latsawar da ta zo ya tambaya: wannan daga mahaɗin takarda take? Idan e, ya karɓe ta. Idan a'a, ya bar ta ta wuce.

```js
const taga = document.getElementById('taga');
const take = document.getElementById('take');
const sauke = document.getElementById('sauke');

function tagaZaTaYi() {
  return typeof taga.showModal === 'function'
    && navigator.pdfViewerEnabled === true
    && matchMedia('(min-width: 900px)').matches;
}

document.addEventListener('click', function (e) {
  if (e.defaultPrevented || e.button !== 0) return;
  if (e.ctrlKey || e.metaKey || e.shiftKey || e.altKey) return;

  const a = e.target.closest('a[href]');
  if (!a || a.hasAttribute('download')) return;
  if (a.origin !== location.origin) return;
  if (!a.pathname.toLowerCase().endsWith('.pdf')) return;
  if (!tagaZaTaYi()) return;

  e.preventDefault();
  take.textContent = a.textContent;
  sauke.href = a.href;

  const firam = document.createElement('iframe');
  firam.title = a.textContent;
  firam.src = a.href;
  taga.append(firam);
  taga.showModal();
});

document.getElementById('rufe')
  .addEventListener('click', () => taga.close());

taga.addEventListener('close', () => {
  const firam = taga.querySelector('iframe');
  if (firam) firam.remove();
});
```

Ka lura da yawan return da suka zo kafin preventDefault, wato layin da ke hana mahaɗi buɗewa yadda ya saba. Kusan rabin kod ɗin dalilai ne na janye hannu. Kowanne daga cikinsu na sa shi ne saboda wani abu da ya taɓa ɓaci a gabana, don haka bari in bi su.

Layin Ctrl, Shift da sauransu na mutumin da ya san abin da yake so ne. Wanda ya riƙe Ctrl ya latsa, sabon tab yake nema, ba ruwansa da tagarka. Ka bar shi.

closest kuwa yana nan ne domin ba kullum ake latsa mahaɗin kansa ba. Sau da yawa cikinsa akwai ƙaramin hoton PDF ko rubutu mai kauri, kuma shi yatsa ko linzami ke sauka a kai. closest zai hau sama daga abin da aka taɓa har ya samo mahaɗin da ya ƙunshe shi.

Na yi amfani da pathname maimakon in duba ƙarshen href gaba ɗaya saboda dalili biyu. Wasu adireshin suna da wutsiya, kamar jadawali.pdf?v=2 ko fom.pdf#page=3, kuma waɗannan ba su ƙare da .pdf ba idan ka duba rubutun duka. pathname yana yanke wutsiyar. Na biyu, sakataren da ya ɗora takardu shekara biyar da suka wuce wataƙila na'urar sikaninsa .PDF take rubutawa da manyan baƙaƙe, shi ya sa toLowerCase.

Amfanin zaman zaure bai tsaya a gajartar kod ba. Idan shafinka na da akwatin bincike ko maɓallin "ƙarin sanarwa" da ke jawo sababbin mahaɗai bayan shafi ya gama buɗewa, wanda ya bi mahaɗai ɗaya-ɗaya tun farko ba zai san da waɗannan ba, sai ya koma yana haɗa MutationObserver, wato kod mai lura da duk canjin da ya faru a shafi, don ya riƙa gadin shafin. Kai ba ka da wannan matsalar. Takardar da aka ɗora gobe, da wadda ta bayyana daƙiƙa goma bayan buɗe shafi, duk ta zaure za su bi.

Sai firam, wato iframe, akwatin da ke nuna takardar a cikin tagar. Za ka ga ina ƙirƙirar sabo duk lokacin da aka buɗe, ina cire shi idan aka rufe, maimakon in ajiye guda ɗaya ina canza masa src. Dalili shi ne, duk sanda ka canza adireshin firam da ya riga ya buɗe wani abu, burauza na iya rubuta wannan a tarihin shafin. Mutum ya duba takarda huɗu, ya rufe, ya danna maɓallin komawa baya, sai ya ga babu abin da ya motsa, saboda firam ɗin da ke ɓoye ne ke ja da baya, ba shafin ba. Zai danna sau huɗu ko biyar kafin ya fita, ya tafi yana cewa shafin makaranta ya lalace. Sabon firam ba ya barin wannan sawun, kuma cire shi yana sakin ƙwaƙwalwar da takardar ta riƙe, abin da tsohuwar kwamfutar ofis mai RAM 4GB za ta gode maka a kai.

textContent na sa wajen taken, ba innerHTML ba. Ka mayar da wannan ɗabi'a: rubutun da wani ya shigar, kada ka zuba shi a shafi a matsayin HTML. Mahaɗin "Sauke takardar" da ke cikin tagar kuma yana da download, shi ya sa mai zaman zaure ke ƙyale shi. Ba don haka ba da taga za ta yi ta ƙoƙarin buɗe kanta. Maɓallin Rufe ma ba ado ba ne. Da zarar mutum ya latsa cikin takardar, kibod ya koma hannun mai nuna PDF, kuma sau da yawa Esc ba ya isowa ga tagar. Ka sa maɓallin ya fito sosai, a sama, da kalmar Rufe a rubuce. Ƙaramin x mai launin toka a lungu ba kowane uba ne zai gane shi ba.

Girman taga aikin CSS ne, ba wuya: ka ba ta faɗi kamar kashi 90 na allo da tsawo kamar haka, firam ya cike abin da ya rage, ka yi duhun baya da dialog::backdrop. Abu ɗaya kawai za ka kiyaye, idan za ka sa mata display: flex to ka rubuta shi a kan dialog[open], in ba haka ba tagar za ta fito fili ko ba a buɗe ta ba.

Yanzu mu zo wurin da na fi so ka tsaya ka yi tunani, wato tagaZaTaYi. Wannan ɗan aikin shi ne bambancin shafin da aka gina don kwamfutar ofishin Shugaba da wanda aka gina don mutanen Daura.

Su wa ke buɗe shafin makarantarku? Ka duba alƙaluman maziyarta idan kana da su, amma ko ba ka duba ba ka san amsar. Iyaye ne da yayye, a kan Tecno, Infinix da Itel, da datar MTN ko Airtel da aka saya ta kwana ɗaya ko ta mako. Wasu daga cikin gari, wasu daga Sandamu, Zango ko Baure inda netwok kan zo ya tafi. Chrome na kwamfuta yana da mai nuna PDF a cikinsa, Firefox ma haka, Edge ma haka, shi ya sa firam ke nuna takarda lafiya lau a can. A wayoyin Android da yawa kuwa babu wannan a cikin firam. Abin da mutum zai gani farin fili ne, ko akwati mai maɓalli guda, ko kuma fayil ya fara sauka a ɓoye alhali taga na tsaye babu komai a ciki. Wanda ya shigo ta mahaɗin da aka sa a Facebook, a cikin burauzar Facebook ɗin yake, ita ma ba a dogara da ita a wannan. A iPhone an daɗe ana fama da firam da ke nuna shafin farko kawai na takarda. Masu Opera Mini a yanayin matse data sosai kuma, shafin ma ba a wayarsu ake sarrafa shi ba, sabar Opera ce ke sarrafawa ta aiko musu da sakamako, don haka JavaScript irin wannan ba abin dogaro ba ne a wurinsu.

Na ga wannan da idona a nan Katsina. Wata makaranta da na yi wa aiki ta sa an ɗora mata irin wannan tagar kafin a kira ni, an kuma cire href kamar yadda na bayyana a sama. Aka saki jerin sunayen waɗanda suka ci jarrabawar shiga, aka sanar da iyaye su duba a shafi. Washegari da safe ƙofar makarantar ta cika. Wani dattijo ya biya kuɗin mota daga wajen gari don kawai ya ga ko sunan jikarsa na ciki, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini farin allo, ya ce tun daren jiya yake latsawa har datarsa ta ƙare. Sunan yarinyar na nan a shafi na biyu. Takardar lafiyarta ƙalau, hanyar zuwa gare ta aka toshe don a yi ado. Tun daga ranar ban ƙara ɗora taga a kan takarda ba sai na tabbatar akwai hanyar da za ta kauce.

Sharuɗɗa ukun nan su ne hanyar kaucewar. Na farko yana tambaya ko burauzar ta san dialog. Na biyu, navigator.pdfViewerEnabled, burauza ce da bakinta ke faɗa maka ko tana iya nuna PDF a cikinta. Idan ta ce a'a, ko ta tsufa har ba ta san tambayar ba, sai mu janye. Wannan ya fi ƙoƙarin gane waya ta hanyar karanta sunan burauza, domin sunayen nan suna canzawa kuma suna yaudara. Na uku faɗin allo ne. Ko da waya na iya nuna PDF, takardar A4 a cikin taga a cikin allon inci shida wahala ce: gefe ya ci wuri, take ya ci wuri, maɓalli ya ci wuri, abin da ya rage sai an yi ta ja da yatsa biyu. Gara wayar ta buɗe takardar a manhajar da mai ita ya saba da ita, ta cika allo, kuma ta zauna a wayar ya sake dubawa ko babu data. Lamba 900 ɗin ba wahayi ba ce, kana iya matsar da ita, amma kada ka sauko da ita har ta haɗa da wayoyi.

Na san abin da zai biyo baya. Shugaba zai ɗauko wayarsa ya gwada, ya ce ai bai ga taga ba. Ka yi masa bayani da girmamawa, kuma ka nuna masa maimakon ka tsaya gardama. Ka cire sharuɗɗan na minti biyar a kwafin gwaji, ka karɓi wayar mai gadi ko ta direban makaranta, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da iyaye za su gani." Gani ya kori ji. Ban taɓa haɗuwa da shugaban makarantar da ya ga farin allon nan ya ce a bar shi haka ba.

Idan duk da haka akwai dalili mai ƙarfi na a nuna takarda a cikin shafi har a waya, to hanyar ita ce PDF.js, manhajar da Mozilla ta fara a 2011, wadda ita ce ke nuna PDF a cikin Firefox. Tana zana shafukan takarda da kanta, ba ta jiran burauza. Tana aiki, na yi amfani da ita. Sai dai ka san farashinta: mai waya zai sauke manhajar, wadda nauyinta ya fi na takardu da yawa da za a buɗe da ita, kafin ya ga layi ɗaya, kuma ƙaramar waya takan yi nishi a kan takarda mai shafuka da yawa. Idan za ka sa ta, kada ta sauka tare da shafi, sai an latsa takarda tukuna. Don jadawali mai shafi ɗaya, ni ban ga abin da ya kai a ɗora wa mutane wannan ba.

Saura layin origin, wanda ya ce idan takardar ba a gidanka take ba a ƙyale ta. Kowane shafi na da ikon hana a sa shi a firam ɗin wani, ta hanyar umarnin da sabarsa ke aiko wa burauza, wato X-Frame-Options ko frame-ancestors, kuma manyan shafuka da yawa suna hanawa. Idan ka yi ƙoƙarin nuna takardar wata hukuma ko ta wata jami'a a tagarka, abin da zai iya fitowa saƙon ƙin haɗi ne, kuma kod ɗinka ba shi da hanya mai sauƙi ta gane cewa hakan ta faru. Mahaɗan Google Drive ma nasu daban ne: ba su ƙarewa da .pdf, kuma adireshin da ke ƙarewa da /view ba ya shiga firam, sai wanda ke ƙarewa da /preview. Shawarata ka bar su su buɗe yadda suka saba.

Wannan layin zai iya ba ka mamaki ta wata fuska. A wurin burauza, adireshi mai http da mai https gida biyu ne, mai www da marar www ma gida biyu ne. Idan makarantar ta koma https a wani lokaci, tsofaffin mahaɗan da aka rubuta da cikakken adireshi na http za su faɗi wannan gwajin, su buɗe ba taga. Ba ɓarna ba ce, kuma ya fi alheri, domin burauza kan toshe firam na http a cikin shafin https. Gyaran na gaskiya a rumbun bayanai yake: ka yi ajiyar kwafi, sannan ka sauya tsohon adireshin da sabo a tashi ɗaya. Haka kuma idan ka ga taga ta buɗe fayau amma fayil na sauka ko a kwamfuta, duba abin da sabarku ke aikowa. Idan tana sa Content-Disposition: attachment a kan PDF, umarni ne ga burauza ta sauke, ba ta nuna ba, kuma babu JavaScript da zai canza wannan sai an gyara a sabar. Idan X-Frame-Options na sabarku DENY ne, ko shafinku ba zai iya sa takardunsa a firam ba, sai an mayar da shi SAMEORIGIN.

Ka ce galibin takardun PDF ne, wato akwai na Word da Excel a ciki. Burauza ba ta nuna waɗannan da kanta. Za ka ga ana ba da shawarar a bi da su ta mai nuna takardu na Google ko na Microsoft a cikin firam. Ka san abin da hakan ke nufi: dole fayil ɗin ya kasance a buɗe ga duk duniya, kuma sabar wani kamfani ce za ta ɗauko shi ta karanta kafin ta nuna. Ga jerin littattafai babu laifi. Ga takardar da ke da sunayen yara, sakamakonsu, ko lambobin wayar iyayensu, kada ka yi. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko babu doka amana ce aka ba makarantar. A nan ne ma zan ja kunnenka a kan wani ruɗi da na sha gani: taga ba makulli ba ce. Wasu na ɗauka idan takarda na buɗewa a taga, an ɓoye maɓallin saukewa, to an kare ta. Duk wanda ya san adireshin fayil ɗin zai buɗe shi kai tsaye. Abin da ke buƙatar sirri, a bayan kalmar sirri yake zama, sabar ce kuma za ta tantance wanda zai gani. Sauran takardun Word ɗin da ba na cikewa ba ne, ka mayar da su PDF kawai ka huta.

Idan WordPress kuke amfani da shi, kamar yawancin makarantun da na sani, kada ka zuba kod ɗin a fayilolin jigon da kuka sauko da shi, wato theme ɗin da ke ba shafin kamanninsa, domin ranar da aka sabunta jigon zai share aikinka. Ka yi ƙaramin jigo na ƙarƙashinsa, wato child theme, ka ajiye kod ɗin a fayil nasa, ka kira shi da wp_enqueue_script a functions.php yadda zai sauka a ƙasan shafi, bayan dialog ɗin. Ka kuma duba ko akwai wani tsohon plugin na hotuna da ke kama latsawa shi ma. Layin defaultPrevented na farko yana nan ne don kada ku yi karo, idan wani ya riga ya karɓi latsawar sai naka ya ƙyale.

Tunda za ka shiga cikin takardun nan, ka yi wa iyaye wani alheri da ya fi taga amfani a wurinsu. Ka duba nauyin fayilolin. Na tabbata za ka samu sanarwa mai shafi ɗaya da aka ɗauka da kyamarar waya aka mayar PDF, ta kai MB 6 ko 8, alhali da daga Word aka fitar da ita kai tsaye da ba za ta wuce 'yan KB ɗari ba. Ka matse su. Ka rubuta nau'i da nauyi a gefen kowane mahaɗi, misali "Jadawalin zango na biyu, PDF, KB 180", mutum ya san abin da zai kashe kafin ya latsa. Ka kuma gyara rubutun mahaɗan da ke cewa "latsa nan" kawai, domin kod ɗin nan rubutun mahaɗi yake ɗauka ya yi take da shi, kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo shi ma wannan rubutun ake karanta masa. Sanarwa gajera irin ta ranar komawa hutu kuwa ba ta buƙatar PDF tun farko, a rubuta ta a shafi kowa ya karanta.

Kafin ka ce ka gama, ka gwada da hannunka. A kwamfuta ka ajiye linzami gefe, ka bi shafin da Tab kaɗai, ka buɗe takarda da Enter, ka rufe, ka ga ko ka dawo kan mahaɗin da ka baro. Ka buɗe takarda uku a jere sannan ka danna komawa baya sau ɗaya, ya kamata ka bar shafin nan take. Ka kashe JavaScript gaba ɗaya ka tabbatar kowace takarda na buɗuwa. Ka kwafi mahaɗi ka tura wa kanka ta WhatsApp. Sannan ka kashe Wi-Fi na ofis, ka ari waya mafi tsufa da ke makarantar, ka fita bakin ƙofa inda iyaye ke tsayawa, ka buɗe shafin da data. Idan wani abu ya ƙi, ka turo mini sunan wayar da burauzar da hoton allon, da kuma adireshin takardar da ta ƙi, mu duba tare.